Amsa ga ƙanena na Kano kan musun rap a fadar Yamai

Ƙanena, saƙonka ya iso tun ranar Laraba, na jinkirta ne don tambayar ba ta amsawa a tsaye ba ce. Ka ce tun da ka koma Kano daga bikin nan abu ɗaya ke maka yawo a kai: daren da na kai ka fadarmu, wato majalisar shayinmu ta unguwar Bukoki, ka ga magidanta masu 'ya'ya huɗu da biyar suna ta da jijiyar wuya a kan waye ya fi iya baiti tsakanin 'yan rap na da da na yanzu, har shayi na biyu ya kusa ƙonewa a buta. Ka ce a wajenku mai furfura a gemu ba ya zama wannan musu, sai dai na Shata da Narambaɗa. Sannan ka tambaye ni, ni wa nake ganin ya fi.

Kafin in faɗa maka ra'ayina, sai ka san da wane kunne muke ji. Ka san Baba fataucin goro da atamfa ya kawo shi Yamai, ya sauka Zongo, nan aka haife mu. Mun tashi da Hausa a cikin gida, Zabarmanci a bakin titi da kasuwar Katako, Faransanci a lakwal, wato makarantar boko. Yaron Yamai kan fara magana da harshe ɗaya ya ƙare ta da wani, bai ma san ya sauya ba. To rap ɗinmu ma haka ya fito. Dubi sunayen ƙungiyoyin farko kawai. Lakal Kaney Zabarmanci ne, ma'anarsa kwanciyar hankali. Kaidan Gaskia Hausa ce, ƙa'idar gaskiya, amma da bakin Yamai, inda ba a cika damuwa da bambancin namiji da mace a nahawu ba. Wass Wong kuwa ƙungiya biyu ce ta haɗe, ɗaya sunanta daga wasiƙa na Hausa, ɗayar daga wongari, jarumi ke nan da Zabarmanci. Berey Koy, mai ilimi. Tun daga suna ka ga abin da samarin nan suka ɗauki kansu: masu kawo saƙo ne, ba masu sa rawa ba.

Magidantan da ka gani kuwa, su ne samarin wancan lokaci. Muna yara aka harbe ɗalibai a gadar Kenedi ranar 9 ga Fabrairu 1990. A 1991 aka yi babban taron ƙasa, baki ya buɗe, kowa ya ga ashe ana iya faɗa wa mai mulki magana. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kayan shagon Baba suka ninka kuɗi dare ɗaya. Ma'aikata kan yi watanni ba albashi, malamai na yajin aiki, akwai shekarar karatun da aka soke gaba ɗaya, wadda ake ce wa farar shekara. Saurayi ya tashi da safe ba aji ba aiki, sai ya ja benci gindin bango, a hura gawayi, a ɗora buta. Asalin fada ke nan, kowace da sunanta a rubuce jikin katanga. A daidai lokacin gidajen rediyo masu zaman kansu suka fara buɗewa, kaset ya riƙa shigowa daga Faransa da Dakar.

A nan bambancinmu da ku yake. Ku na Amurka kuka fara ji, da Turancin da kuke karantawa a makaranta. Mu Tupac mun so shi, mun manna hotonsa a ɗaki, amma murya da zafin rai kawai muka ɗauka, ba mu fahimtar abin da yake cewa. Waɗanda muke ji kalma-kalma su ne MC Solaar da IAM daga Faransa, da Positive Black Soul daga Senegal. Su kuwa mutanen rubutu ne, masu wasa da kalma. Shi ya sa har yau babban yabon da za a yi wa ɗan rap a Yamai shi ne a ce yana da teks, wato rubutunsa na da nauyi. In an ce yana da fulo, an yabi yadda harshensa ke hawa kiɗa, amma wannan yabo na biyu ne.

Ga yadda muke gwaji, kuma ka gani da idonka daren nan ko da ba ka gane abin da ake yi ba. In gardama ta yi zafi sai wani ya ce a kashe kiɗa. Mai kare mawaƙin zai faɗi baitin da bakinsa, a hankali, kamar yana ba da labari. In maganar ta tsaya da ƙafarta, fada ta yi tsit, wani ya ce a maimaita, to an ci. In ta zube, ta zama kalmomi huɗu da ake juyawa, ba mai sake cewa komai, sai a zuba shayi. Wannan ɗabi'a daga zamanin kaset muka gado ta. Batiri na da tsada, don haka da bik, abin da kuke kira biro, muke juya kaset baya, mu saurari layi ɗaya, mu tsayar, mu rubuta a littafi. Waƙa ɗaya kan ci mana yamma guda. Har yanzu akwai littafina a akwatin ƙarfen da ke ɗakin Inna. Mawaƙan sun san haka ake musu, don su ma 'yan fada ne, sun san duk layin da suka rera zai je gaban alƙalai ashirin da ba su da aikin yi sai tsefe shi. Wanda ya san za a rubuta maganarsa da hannu ba ya sakin baki.

Kuma suna da abin faɗa. Auren dole da aurar da yarinya tana aji shida, kanjamau a lokacin da faɗin sunanta ma abin kunya ne, ɗalibin jami'a da ke jiran kuɗin tallafi wata da watanni, ɗan takarda mai digiri yana sayar da katin waya, cin hanci a ofis. Zara Moussa, wadda ake kira ZM, ta hau dandamali tana maganar abin da ake yi wa mata a ɗakin aure, a garin da mace mai riƙe makirfo ke shan surutu. Safiath ma ta yi nata a cikin Kaidan Gaskia. Na sha tsayuwa a layi ƙofar gidan al'adu na Umaru Ganda, wanda muke kira CCOG, da kuɗin da na tara na mako guda, in ga an cika maƙil, dubban bakuna suna bin baiti mai tsawo ba tuntuɓe. A 2004 an yi gasar rap a gidan al'adu na Jean Rouch, ƙungiyoyi sababbi 45 suka shiga, a lokacin ana ƙiyasta masu yi sun kai ɗari uku. Unguwa ba ta cika unguwa ba in ba ta da ƙungiyarta.

Amma zan faɗa maka abin da abokaina na fada ba sa son ji. Da yawa daga na da, Hausarsu ba ta zauna ba. Da Faransanci suke tunanin baitin, da shi suke rubutawa, sannan su juya wani sashe zuwa Hausa ko Zabarmanci don Inna ta gane. Sai ka ji kalmomin namu ne amma ƙashin bayan maganar na wani ne. A ja wasalin da ba a ja, a karya sautin kalma don dai ƙarshen layi ya yi daidai da na sama. Ni da na tashi ina jin Baba na sa Ɗan Anace da asuba, kunnena na kama wannan tun ina saurayi, ko da ban iya faɗin sunan abin ba. Sannan akwai kuɗin ƙungiyoyin agaji. Da suka ga matasa na sauraren rap, sai suka riƙa biyan waƙar rigakafi, waƙar gidan sauro, waƙar zaɓe. Aikin alheri ne, ya kuma ciyar da mawaƙa da dama, amma wasu baitocin sun koma kamar allon talla da aka sa wa kiɗa. Saƙo na nan, gishiri babu.

Yaran yanzu kuwa, a wannan fanni sun wuce yayyensu, kuma ban ga abin ɓoyewa ba. Hausa a bakinsu take kwance. Ba sa juyo ta daga ko'ina. Sun girma da waya a hannu suna jin ClassiQ daga Bauchi, DJ AB daga Kaduna, Morell daga Maiduguri, sun ga ashe harshen gida na iya gudu bisa kiɗa ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Ka saurari Barakina ka ji yadda gaɓoɓi ke faɗawa kan bugu kamar ana daka da taɓarya biyu. Suna sa amsa-amo a tsakiyar layi, ba ƙarshe kaɗai ba. Suna ɗauko karin magana su yanke rabi su bar maka sauran ka ƙarasa a ranka. Habaicinsu na da kaifi. Abin da muke jin kunyar faɗa da Hausa a gaban 'yan makaranta a 1999, su da shi suke taƙama, tun ma kafin hukuma ta ayyana Hausa harshen ƙasa a 2025.

Inda suke ba ni haushi shi ne gajeren numfashi. Yaro na da harshe kamar reza, amma abin da zai yanka da ita sai sunansa, motar da bai saya ba, da maƙiyan da ba wanda ya san su. Dalili a bayyane yake. Waƙar yau a TikTok take rayuwa, daƙiƙa ashirin ake buƙata da za a yi rawa a kai, ba mai juya kaset da bik. Kuɗi kuma a wajen biki da wajen masu hali yake, su kuwa suna so a kira suna ne. Na da sai sun tara kuɗi wata da watanni kafin su shiga sitidiyo, don haka baiti kan kwana ɗari a aljihu ana gyara shi. Na yanzu da kwamfuta ɗaya a ɗakin Talaje ake rubutawa da azahar, a ɗauka da la'asar, a saki da magariba. Masu son dogon rubutu da yawa sun koma waƙar baka marar kiɗa da ake kira silam, irin wadda Jhonel ke yi.

Kada ka ɗauka yabon kai ne nake ƙi. Wannan namu ne tun kafin a haifi Amurka. Tun 1975 da aka fara kokowar takobi a Tawa, wato gasar kokowa ta ƙasa da ake ba zakaranta takobi, kusan duk shekara ƙasar nan kan tsaya cak ta ji ɗan kokowa ya karɓi makirfo yana kirari, yana kiran garinsu, yana faɗin wanda ya kayar da inda ya kayar da shi. Amma kirarin ɗan kokowa na da hoto a ciki, za ka ga ƙura, ka ga bijimi, ka ga ramin da ya faɗa, kuma yana gamawa zai shiga fili a gani ko gaskiya ya faɗa. Abin da muke nema wajen ɗan rap ke nan in ya ce ya fi kowa. Haka zambo tsakaninsu. Ka yi mamakin yadda muke dariya in wani ya zagi wani a waƙa. Mu ƙasar wasan dangi ce, Bagobiri da Bazabarme, Bafulatani da Ba'are, kamar ku da Zagezagi, har UNESCO ta sa shi cikin gadon duniya a 2014. Da wannan kunne muke jin faɗan mawaƙa. Sai dai wasan na da iyaka: ba a taɓa uwa, ba a tona asirin gida. Yaron da ya tsallake wannan, komai iyawarsa, ba a sake sa waƙarsa a fadarmu.

To ga amsarka. In harshe ake magana, na yanzu sun fi. In abin da harshen ya ɗauko ne, na da sun fi, kuma in an matsa mini in zaɓi ɗaya, wajensu zan tsaya, don baitocinsu na nan a kaina bayan shekara ashirin da ɗoriya, ban kuma taɓa zama na haddace su da gangan ba.

Akwai abin da ban gaya maka ba da ka zo. Ɗanka na nan gidana, ɗan farina, wanda ya ɗauko ka daga tasha, shi ma yana yi. Na daɗe da sani, ina jin sa ta taga, ban ce komai ba. Watan jiya ya zo ya durƙusa ya ce yana so in ji wani abu, ya miƙo waya. Na ce ya ajiye ta, ya faɗa mini da baki. Ya yi jim, sannan ya fara. Baitin a kan mai garuwan layinmu ne, dattijon nan da ke tura kura cike da jarka tun kafin a haife shi, yadda yake shayar da gida talatin cikin zafin Afrilu alhali shi a ɗakin haya yake kwana da buta ɗaya. Hausar tsaf, ba inda ta yi ɗingishi. Uwarsa na tankaɗe a tsakar gida, sai na ji rariya ta tsaya. Layi goma sha biyu ne masu kyau, huɗun ƙarshe kuma ya koma yabon kansa, na ce ya cire su ya ƙarasa labarin dattijon. Bai ji daɗi ba, amma shekaranjiya na ga ya sayi littafin rubutu.

Ka turo mini baitoci biyu ko uku na waɗanda kuke ji da su a Kano yanzu, a rubuce, kada ka haɗo da kiɗan. Ranar Juma'a bayan isha'i zan kai su fada. Ka gaida Baffa da Hajiya, ka ce mata kilishin na nan tafe da direban Maraɗi.