Tambaya da Amsa: Me ya sa launin kayana yake canzawa a hoto?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da atamfa da leshi da shadda daga gida, kuma yawancin cinikina ta WhatsApp da Instagram nake yi. Damuwata ita ce launin kaya yakan canza a hoto, har wasu masu saye sun dawo mini da kaya suna cewa ba abin da suka gani ba ke nan. Wace manhaja zan sauke ta gyara mini? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya sa albarka a kasuwa. Kafin mu kai ga manhaja, sai mun fara duba hasken da kike ɗaukar hoton a cikinsa, domin a nan matsalar take farawa. Ƙwan fitilar ɗaki yana da launinsa, wani yana ɗaukar ruwan ɗorawa, wani kuma shuɗi-shuɗi, kyamarar waya kuwa kintace kawai take yi ta daidaita su, kuma idan ta kuskure duk launin da ke cikin hoton sai ya karkace. Saboda haka ki kashe fitila, ki kashe filashi, ki shimfiɗa kayan a bakin taga ko a inuwar tsakar gida, da hantsi ko bayan la'asar. Shadda musamman ba ta son filashi, domin sheƙinta yakan mayar da hasken ya shafe zanen saƙarta. Hasken da ya zo daga gefe shi ne yake fito da zanen. Ki shimfiɗa kayan a kan farin zanin gado maimakon darduma mai ado, kuma ki nisanci bango mai kalar fenti, domin launinsa yakan sauka a kan yadi.

Akwai wata dabara da nake so ki riƙe. Ki ajiye farar takarda a gefen yadin kafin ki ɗauka. Idan takardar ta fito fara sol, launin kayanki ya yi daidai. Idan ta fito da ruwan ɗorawa, to, atamfar ma ba ta tsira ba. A nan ne manhaja take da amfani. Snapseed, wadda ta kamfanin Google ce kuma kyauta ake samunta, tana da sashen daidaita fari da ake kira White Balance: ki taɓa takardar da alamar ɗiban launi, sauran launuka su dawo hayyacinsu, sannan ki yanke gefen da takardar take. Kada ki ƙara wa launi ƙarfi don kaya su burge, domin wanda ya biya kuɗin jan da ya gani a waya zai nemi wannan jan a hannunsa. Ki riƙe yadin kusa da wayar ki gwada su kafin ki tura. Ki kuma riƙa goge gilashin kyamara da ƙyalle mai laushi, tun ba ma lokacin hunturu ba, da ƙura da maiƙon hannu suke dusashe hoto.

WhatsApp yana matse hoto don rage cin data. Tun shekarar 2023 ya samar da zaɓin HD, wato tura hoto ba tare da an matse shi sosai ba, ki riƙa danna shi, ko ki tura hoton a matsayin fayil ga mai son ganin ingancin saƙa.

Tambaya: Duk lokacin da na sa farar babbar riga, fuskata takan yi duhu a hoto. Abokaina sun ce in kunna abin da ke haskaka fata. Ko hakan ya dace? Daga wani matashi a Maraɗi.

Amsa: Malam, fatarka ba ta da laifi. Kyamara tana auna hasken da ke gabanta gaba ɗaya, kuma da ta ga farin yadi ya cika hoton sai ta rage haske, fuska ta nutse. Ka tsaya a inuwa kana fuskantar inda haske yake fitowa, kada rana ko taga ta kasance a bayanka. Mai ɗaukar hoton ya taɓa fuskarka a kan allon waya, sannan ya ja alamar rana sama kaɗan, amma ya tsaya kafin aikin zaren wuyan rigar ya ɓace. Ya kuma ja da baya kaɗan, domin kyamarar da aka kusantar da fuska takan ƙara wa hanci girma.

Game da abin haskaka fata kuwa, ra'ayina shi ne ka kashe shi. Yakan shafe tsagar gado da layin murmushi, ya bar fuska sumul da wuya da hannuwa masu wani launi dabam, kuma duk wanda ya san ka zai gane. Idan fuskar ta ɗan yi duhu duk da haka, ka ɗaga hasken inuwa kaɗai a Snapseed, ka bar launin fatar yadda yake.