Amsar Koci kan yaron da ya daina fita fili

Assalamu alaikum jama'a. Alhaji, na saurari saƙonka kan ƙaninka da aka cire a tantancewar 'yan ƙwallo, ka ce ya daina cin abinci sosai, ya daina zuwa atisaye, kullum yana ɗaki. To, bari in ce wani abu, tunda yara irinsa nake horarwa a filin Mahaha.

Don Allah kar kowa ya ƙara ce masa rago a gidan nan. Yaran nan fa, tun suna sha huɗu ake ɗora musu gida a ka. Kowa Ahmed Musa yake hange: ya ci ƙwallo 18 a Pillars a 2010, sai Holan, sai Rasha, sai Leicester. Shi ke nan, uwa ta sayar da ɗankunnenta a sayi takalmi, kawu ya biya wani ejan kuɗin biza, maƙwabta suna ta "yaushe za ka fita waje?" Yaro ya shiga fili da bashi a wuya, ta ina zai ji daɗin ƙwallon? Ranar da aka cire shi, a ransa duk gidan ya kayar. Kunyarku ce take cinsa, Alhaji.

Kuma abin ba ya barin manya ma. Iniesta da bakinsa ya faɗa, bayan rasuwar abokinsa Dani Jarque a 2009 ciwon damuwa ya kama shi har sai da ya nemi taimakon likitoci. Mutumin da ya ci wa Sifaniya ƙwallon kofin duniya a 2010 fa!

Ka shiga ɗakinsa yau, ban da maganar ƙwallo. Ka ja shi ku fita cin gurasa, ka tambaye shi yana samun barci kuwa. Ka lura da waɗanda yake zama da su, don a irin wannan lokacin ne ake miƙa wa yaro taramol. In abin ya haura mako biyu, ko ka ji ya ce gara ya mutu, kar ka jira, ku je Asibitin Malam Aminu Kano ko na lafiyar ƙwaƙwalwa da ke Dawanau. A yi addu'a, a ga likita, duk biyun.

Asabar bayan asuba muna taka leda, ba tantancewa, ba mai riƙe da takarda. In ya yarda ka kawo shi. In ya ce a'a, ka ƙyale shi sai wani satin.