Amsa ga ƙanena a Daura game da filin kiwo da farauta a Amurka

Assalamu alaikum, ƙanena. Saƙonka ya iso, kuma na ga ya dace in amsa shi a bainar jama'a, domin ba kai kaɗai ne kake wannan tambaya a Daura ba. Ka ce ka kammala karatun kiwon dabbobi a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, kana so ka sayar da kasonka na gonar gado da ke hanyar Mai'adua, ka taho Amurka ka fara kiwo a ƙarƙashin wani, idan ka tara kuɗi ka sayi fili ka zuba shanu, ka riƙa fita farauta kamar yadda kake gani a bidiyo. Ina zaune a jihar Texas, aikina kuma yakan haɗa ni da masu shanu kusan kullum, saboda haka ba zan ɓoye maka komai ba.

Dajin nan da kake gani ya miƙe har inda ido ya ƙure, kusan kowane taku a cikinsa yana da mai shi. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na ƙasar Texas mallakar ɗaiɗaikun mutane ce da kamfanoni, kuma tun da wayar shinge mai ƙaya ta bazu bayan shekarar 1874 aka daina kora shanu a sake. Babu burtali, babu shiga gonar wani bayan girbi don dabbobi su ci kara. Idan ka ga an shafa fenti mai launin shunayya (purple) a jikin turken shinge ko a gindin itace, a dokar jihar daidai yake da allon da ya hana shiga, kuma wanda ya ƙetare zai iya kwana a hannun hukuma. Gaskiya ne cewa wata dokar Amurka ta 1862 ta ba da eka 160 ga wanda ya zauna ya noma ta shekara biyar, amma an soke ta a 1976, sai Alaska da ta kai 1986. Duk wanda ya ce maka ana rabon fili kyauta a yau, ɗan damfara ne.

A gida, dokar filaye ta 1978 ta ɗora ƙasa a hannun gwamna, a ƙauye kuwa dagaci da mai unguwa da shaidu ne suka san iyakar kowa. A nan takarda ce kawai take magana. Ana rajistar cinikin a ofishin gunduma, filin ya zama naka ɗungurungum, amma da haraji a kansa kowace shekara, wanda idan ya taru ba ka biya ba za a yi gwanjon filin. A Texas ma yakan faru ka sayi saman ƙasa alhali man da ke ƙarƙashinta na wani ne, ranar da ya ga dama ya shigo da injin haƙa. Baƙo yana iya sayen gona a yawancin jihohi, da sharaɗin ya sanar da ma'aikatar noma cikin kwana 90, sai dai mallakar fili ba ta ba mutum izinin zama ko na kwana ɗaya. Wannan shi ne abin da masu talla a intanet ba sa faɗa.

Sai lissafin kuɗi. A shekarar 2024 matsakaicin farashin eka ɗaya ta filin kiwo a Amurka dala 1,830 ne. A gabashin Texas, inda ruwa yake da yawa, 'yan ekoki kaɗan sukan riƙe saniya da ɗan maraƙinta, amma a can yamma mai ƙarancin ruwa sai ta buƙaci eka ɗari ko fiye. Ka ɗauka ma eka 20 ce ga kowace saniya: shanu 50 za su ci eka 1,000, wato sama da dala miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas, tun ba a sayi saniya ko ɗaya ba, ba a haƙa rijiya ba, ba a ja shinge ba. Shi ya sa yawancin masu manyan filaye gadonsu suka yi, kamar gandun King Ranch mai eka 825,000 da aka kafa tun 1853. Ƙidayar manoma ta 2022 ta nuna matsakaicin shekarun manomi a ƙasar 58 ne, kuma masu ƙananan garke da na sani galibinsu suna da wani aikin albashi a gari wanda shi yake ciyar da gidan. Fari ma yana cin su kamar yadda yake cin mu: na 2011 ya tilasta wa mutane da dama sayar da garkensu, gobarar daji ta Fabrairun 2024 kuma ta ƙone sama da eka miliyan ɗaya a arewacin jihar. A jihohin yamma gwamnatin tarayya tana ba da hayar makiyaya da araha, dala 1.35 a wata ga saniya da ɗanta a 2024, amma sai mai filin kansa a kusa ake ba wannan izini.

Aikin kiwon da kake so ka fara da shi yana da bizarsa, H-2A, wadda mai gona ne yake neman ta, ta ɗan lokaci ce, kuma yawancin masu samun ta 'yan Meziko ne, sai makiyayan tumaki daga Peru. Aikin kansa ba bin shanu da sanda ba ne. Mutum uku ko huɗu sukan riƙe shanu dubu, rabin yininsu a gyaran shinge da walda da tuƙa tarakta mai ɗauke da dunƙulen busasshiyar ciyawa, da asubar hunturu kuma su ɗauki gatari su fasa ƙanƙarar da ta rufe kwamin ruwa kafin shanu su sha.

Farauta kuwa ba irin ta ranin gida ba ce, inda ake fita da gayya da karnuka da gora da kiɗan tauri. Namun daji na jiha ne ko da a cikin filinka suke. Sai ka sayi lasisi, wanda aka haifa daga 2 ga Satumba 1971 kuma sai ya yi kwas na koyon ƙa'idojin farauta. Lokacin harbin barewa da bindiga yakan fara a farkon Nuwamba ya ƙare a Janairu, an hana korar ta da karnuka, kuma da zarar ta faɗi za ka yanko tambari daga jikin lasisinka, ka cike shi da ranar da wurin, ka ɗaura mata. Sayar da namanta laifi ne. Tun da filayen na mutane ne, mafarauci yakan biya mai fili kuɗin haya mai tsoka, ya hau wani ɗan ɗaki a kan dogayen ƙafafu ya zauna shiru tun kafin alfijir. Dabbar da aka sake wa kowa ya harba duk shekara ita ce aladen daji, wanda ni da kai ba mu da abin yi da shi. Ka kuma sani dokar tarayya ta hana mai bizar karatu riƙe bindiga, sai idan yana da lasisin farauta mai aiki, kuma kuskure a nan yana iya jawo kora daga ƙasar.

Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Shawarata ita ce kada ka sayar da gonar. Ka ba da ita haya a gaban shaidu. Idan zuwa za ka yi, ka nemi digiri na biyu a jami'o'in noma irin su Texas A&M, inda malami mai kuɗin bincike yakan ɗauki ɗalibi ya biya masa makaranta da ɗan alawus. Bizar ɗalibi ta yarda da aikin awa 20 a mako a cikin makaranta, da wata 12 na aiki bayan kammalawa, wanda fannonin kimiyya sukan sami ƙarin wata 24. Tun 2025 an ƙara tsaurara ba 'yan Najeriya biza, don haka ka karanta sanarwar ofishin jakadanci da kanka kafin ka biya kowa ko sisi. Kafin nan, ka je cibiyar binciken dabbobi ta Shika a Zariya ka ga yadda suke adana ciyawa da inganta irin Bunaji, ka kuma gwada turkar bijimai biyu ko uku kana rubuta kowace naira ta dusa da harawa har ranar da za ka kai su kasuwar Mai'adua, domin malaman nan suna girmama ɗalibin da ya zo da irin wannan lissafi a hannu. Ka turo mini takardar sakamakonka in duba. A gaida Inna da sauran mutanen gida.