Tambaya da Amsa: Me ke jinkirta jiragen soja marasa matuƙa?

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni mai gyaran waya ne a Adum. Tun 2019 jirage marasa matuƙa na kamfanin Zipline ke kai jini asibitocin ƙauye a nan Ghana, samari kuma na ɗaukar hoton biki da ƙananan irin waɗannan jirage a Zango. To me ya sa manyan ƙasashe ke shafe shekaru suna jiran na soja?
Mai karatu daga Aboabo, Kumasi

AMSA: Barka kadai, ɗan'uwa. Kai ka fi ni sani, wayar da ta kunnu a kan teburinka daban, wadda ta kama sabis daban. Jirgin yakan tashi lafiya lau, izinin shawagi ne ke cin shekaru.

Dubi Jamus. A 2011 jirgin Euro Hawk ya sauka a Manching daga Amurka, aka yi ta murna. Sai aka tarar ba shi da na'urar da za ta hana shi karo da jiragen fasinja, ga sararin Turai cunkushe. Samo masa takardar izini zai ci wasu maƙudan kuɗi. A 2013 aka soke shirin, bayan an kashe sama da yuro miliyan 500, kuma jirgi ɗaya tal aka karɓa. Ministan tsaro Thomas de Maizière ya sha tambayoyi a majalisa, amma kuɗi dai sun tafi.

Na Ingila ma haka. An ba da kwangilar Watchkeeper a 2005, aka ce 2010 zai fara aiki, sai a 2014 ya leƙa Afganistan na ɗan lokaci. Da dama sun faɗi wajen gwaji da atisaye, a 2024 gwamnati ta sanar da yi masa ritaya.

A ganina laifin masu saye ya fi yawa. Yau janar ya ce a ƙara kyamara, gobe a ƙara makami, kowane ƙari kuma sai an sake gwaji daga farko. Kafin a gama, fasahar ta tsufa.

Shi ya sa maƙwabtanmu Burkina Faso da Togo, har da Nijar da Mali, suka sayi Bayraktar TB2 na Turkiyya wanda aka riga aka ƙera. Sai dai shi ma da ƙugiya a ciki: kyamararsa daga Kanada take zuwa a da, a 2020 Kanada ta dakatar da sayarwa saboda yaƙin Nagorno-Karabakh, dole Turkiyya ta koma ga ta gida, ƙirar kamfanin Aselsan.