Mako guda a Ailan da iyali: ina za mu dosa?

Tambaya: Ni magidanci ne, da uwargida da yara uku, ƙaraminsu shekara biyar. Muna son hutun mako guda a Ailan a watan Yuli, mu ga karkara da bakin teku. Za mu iya zagaye tsibirin gaba ɗaya?

Amsa: Malam, Allah ya kai ku lafiya, amma ka cire zagaye daga ranka. Hanyar bakin tekun yamma da suke kira Wild Atlantic Way, daga Donegal zuwa Kinsale, ta kai kilomita 2,500, kuma galibinta siririya ce mai kwana-kwana, katangar duwatsu dama da hagu, wani lokaci tumaki su tare ku sai sun ga dama. Tafiyar da ka yi wa lissafin awa ɗaya sai ta ci biyu. Yaro ɗan shekara biyar ba zai yafe maka ba.

Ka zaɓi yanki ɗaya, ku kama gida ku zauna. Da ni ne, gundumar Clare da birnin Galway zan ɗauka. Daga Dublin awa biyu da rabi ne a mota zuwa Galway. A Clare ne tsaunukan Moher suke, dutse ne da ya yanke tsaye cikin teku, inda ya fi tsawo mita 214. Ku je da sassafe kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su cika wurin, kuma ka riƙe hannun ƙaramin gam, domin iskar wurin tana ture babba ma. Daga ƙauyen Doolin akwai jirgin ruwa zuwa tsibiran Aran. Inis Oírr ya fi kusa, ƙarami ne, yara za su zaga shi a keke ko a keken doki. Sai Burren, fili ne na farar ƙasa da ya daskare ya tsattsage, furanni suna leƙowa ta cikin tsagogin. Nan nake so ku ɓata yini guda ba gaggawa.

Bazararsu ba irin tamu ba ce. Zafi yakan tsaya tsakanin digiri 15 da 20, ruwan sama ba ya sallama. Kowa ya samu rigar ruwa da takalmi rufaffe. Tekun da sanyi ƙwarai, kada yara su shiga sai tsakanin tutoci masu ja da rawaya, inda masu ceto ke tsaro.

A hagu ake tuƙi, yawancin motocin haya masu giyar hannu ne, kuma doka ta wajabta kujerar yara ga wanda bai kai santimita 150 ko kilo 36 ba. Bizar Schengen, wadda ake shiga yawancin ƙasashen Turai da ita, ba ta shiga Ailan, tata daban ce. Arewa maso gabashin tsibirin kuwa, wato Ailan ta Arewa, ƙarƙashin Birtaniya yake, da fam ake ciniki, ba yuro ba.

Abu biyu da mutanenmu kan sha mamaki: rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare, Isha ta yi nisa, Asuba ta matso, don haka ka tsara barcin yara tun daga ranar farko. Karin kumallon gargajiyarsu kuma cike yake da naman alade. Ku nemi ƙwai, kifi da burodinsu mai ruwan ƙasa, ko miyar kifi ce ku tambaya me aka zuba. Naman halal ku saya a Galway kafin ku shiga ƙauye.