Na nemi namiji mai tausa, ya ga hotona ya ce ba wuri: mene ne matsayina?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni direban tasi ne a Birmingham, kuma ciwon baya ya matsa min saboda yawan zama a mota. Na nemi mai tausa namiji, don ba na son mace ta taɓa jikina. Na samu wani a intanet wanda yake aiki a gidansa, muka yi magana ta saƙo har ya ba ni rana. Da ya nemi cikakken sunana da hotona na tura masa, sai ya ce ranar ta cika, kuma ba shi da wuri nan kusa. Washegari wani abokin aikina Bature ya tura masa saƙo, nan take ya ba shi wuri a cikin makon. Da na ba wani labari sai ya ce ai ni ma wariya na yi tunda na ce sai namiji. Yanzu na yanke shawarar ba zan ƙara zuwa wurin kowa ba sai baƙar fata ɗan'uwana. Shin abin da mutumin nan ya yi min laifi ne a doka? Kuma ni ma na yi wariyar?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya ba ka lafiya. Idan abin ya faru yadda ka faɗa, to akwai ƙwaƙƙwarar alamar cewa mutumin nan ya karya doka. Neman namiji da ka yi kuwa ba wariya ba ce. Shawarar da ka yanke daga ƙarshe ita ce nake da magana a kanta, zan zo wurin.

Dokar da ta shafe ka ita ce Dokar Daidaito ta 2010, wadda take aiki a Ingila da Wales da Scotland. Sashe na 29 ya hana duk mai yi wa jama'a wata hidima ya ƙi mutum saboda launin fatarsa, ko ƙasarsa, ko ƙabilarsa, ko addininsa. Dokar ba ta ce sai babban kamfani ba. Mutum ɗaya mai gadon tausa a ɗakin gidansa, da zarar ya yi talla ya ce jama'a su zo, ya shiga ƙarƙashinta. Yana da damar ya ƙi wanda ya zo a buge, ko wanda ya yi masa maganar banza, ko wanda yake da ciwon da tausa za ta ƙara masa. Yana da damar ya nemi suna da lambar waya daga kowa saboda tsaron kansa, tunda baƙo zai shigar gidansa. Abin da ba shi da dama shi ne ya dubi fuska ko suna ya ce wannan kalar ba ta yi masa ba. Ka lura kuma, tunda suna da hoto ka tura tare, yana iya yiwuwa sunanka na Musulmi ne ya dame shi ba launinka ba. Wannan ba zai cece shi ba, domin addini ma yana cikin abubuwa tara da dokar ta kare.

Wannan kariya ba a banza aka same ta ba. A 1943 wani otal a Landan ya ƙi barin Learie Constantine, shahararren ɗan wasan kurket daga Trinidad, ya cika kwanakin da ya kama ɗaki shi da iyalinsa, saboda shi baƙar fata ne. Ya kai ƙara ya yi nasara a 1944, amma abin da kotu ta ba shi fam biyar da sule biyar ne kacal na kuɗin lokacin, domin a lokacin babu dokar da ta haramta wariyar launi kai tsaye. Sai a 1965 aka yi doka ta farko, aka faɗaɗa ta a 1968 da 1976, kafin ta 2010 ta haɗe su wuri ɗaya.

Abin da ya canza tun daga lokacin shi ne salon ƙin. Yanzu ba mai ce maka "ba ma karɓar baƙar fata". Cewa ake yi wuri ya cika, ko a daina amsa saƙo. Shi ya sa abin da abokinka ya yi yake da muhimmanci ƙwarai, domin irin gwajin da masu bincike suke yi ke nan. A 2019 masu bincike a Kwalejin Nuffield ta Jami'ar Oxford sun fitar da sakamakon takardun neman aiki da suka tura, iri ɗaya a komai sai suna da asali. Masu asalin Najeriya sai sun tura ƙarin kashi 80 cikin 100 na takardu kafin su samu amsar da Bature ɗan ƙasa yake samu. A Amurka ma an gwada a Airbnb, dandalin kama masauki a gidajen mutane ta intanet, aka ga masu sunayen da aka san baƙaƙe da su ana karɓarsu ƙasa da masu sunayen Turawa da kusan kashi 16 cikin 100. Don haka kada wani ya ce maka zargi ne kawai yake damunka.

Sai dai zargi daban, hujja daban. Yana yiwuwa wani ya fasa zuwa, wuri ya buɗe kafin abokinka ya yi magana. Doka ta san da wuya mutum ya tabbatar da abin da ke zuciyar wani, shi ya sa sashe na 136 ya ce idan ka kawo abubuwan da kotu za ta iya fahimtar wariya daga gare su, to nauyi ya koma kan wanda ake ƙara, shi zai nuna cewa wani dalili ne daban. Saƙonninku da na abokinka, da ranakunsu da lokutansu, su ne jarinka. Ka ɗauki hotonsu yau, ka adana tallar mutumin kafin ya goge ta, ka roƙi abokinka ya rubuta abin da ya faru ya sa hannu. Sannan ka rubuta wa mai tausar wasiƙa cikin natsuwa, ba zagi, ka faɗi abin da ya faru, ka tambaye shi dalilin da ya sa aka ce maka ba wuri aka ba wani washegari. Amsarsa, ko shirunsa, duk suna da amfani. Ofishin Citizens Advice mai ba jama'a shawara, da layin wayar EASS mai taimaka wa waɗanda aka yi wa wariya, suna ba da shawara kyauta a kan irin wannan. Idan za ka je kotu, kotun gunduma ce, kuma wa'adin wata shida ne daga ranar da abin ya faru, yana kuma wucewa da sauri fiye da yadda mutane suke zato. Kotu tana iya ba da diyyar ɓacin rai ko da ba ka yi asarar kuɗi ba, amma ka nemi shawara a kan kuɗin shari'a kafin ka shiga, domin wanda ya faɗi yana iya biyan na abokin shari'arsa.

Yanzu ga maganar wanda ya ce kai ma ka yi wariya. Ban yarda da shi ba, doka ma ba ta yarda da shi ba. Tausa aiki ne da ake cire riga, hannun wani ya bi jikinka na kusan awa guda a ɗaki a rufe. Namijin da ya ce ba ya son mace ta yi masa haka, ko macen da ta ce ba ta son namiji, maganar kunya da tsare al'aura suke yi, ba wai sun raina ɗaya jinsin ba ne. Dokar 2010 ɗin kanta, a Jadawali na 3, ta yarda a keɓe hidima ga jinsi ɗaya a inda akwai taɓa jiki kuma mutum zai iya ƙin hakan bisa dalili. Bayanin da gwamnati ta fitar tare da dokar ma misalin tausa ya kawo: mace mai zuwa gidajen mutane tana iya cewa mata kawai take yi wa. Babu irin wannan rangwame ga launin fata, domin babu wata kunya da baƙin hannu yake jawowa wadda farin hannu ba ya jawowa.

Wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta fayyace wannan bambanci a 2010, a shari'ar Brenda Chaney, baƙar fata mai kula da tsofaffi a wani gidan jinya a jihar Indiana. Wata tsohuwa ta ce ba ta son baƙaƙen fata su kula da ita, gidan kuma ya biye mata har ana rubutawa a takardar rabon aiki ta kullum. Gidan ya kare kansa da cewa ai ana biyan buƙatar mara lafiya idan ya zaɓi jinsi. Kotu ta ce ba ɗaya ba ne: zaɓen jinsi yana da tushe a sirrin jiki, zaɓen launi ba shi da shi.

A gefe guda, ka san cewa maza masu wannan sana'a su ma suna shan tasu wahalar. Da yawa daga cikin masu zuwa tausa, maza da mata, mace suke nema, har wasu wuraren ba sa son ɗaukar namiji aiki. Wanda ya ce namiji yake so, kamar kai, abokin cinikin da suke nema ne ido rufe. Wannan ne ya ƙara sa abin da aka yi maka ya ba ni haushi.

To, shawararka ta cewa sai baƙar fata. Na fahimci inda ta fito. Wanda aka wulaƙanta yana neman inda ba za a sake ba, kuma mutum ba ya sakin jiki a gadon tausa idan yana tunanin mai taɓa shi ƙyamarsa yake yi. A doka, kai mai saye ne, ba wanda zai kai ka kotu don ka zaɓi inda za ka kashe kuɗinka. Amma akwai iyaka. Idan ka shiga wurin da ke da ma'aikata da yawa ka ce a ba ka baƙi kada a ba ka Bature, kuma mai wurin ya riƙa raba aiki a kan haka, to shi ya yi wa ma'aikacinsa wariya, kamar yadda zai zama idan Bature ne ya ce kada a ba shi baƙi. Dokar ba ta da ɓangare. Kotunan Ingila sun daɗe da tsayawa a kan cewa umarnin wariya ba abin bi ba ne: a shari'ar Weathersfield da Sargent, wata Baturiya mai aiki a kamfanin hayar mota da aka ce kada ta ba baƙaƙen fata da 'yan Asiya haya ta ajiye aikin, ta kai ƙara, ta yi nasara.

Bayan doka kuma, laifi tudu ne, Malam. Abin da ya ɓata maka rai shi ne an yanke maka hukunci daga hoto ba a san ka ba. Idan ka rufe ƙofa ga duk wanda ba launinka ba, ma'aunin nan ka ɗauka. Mu da muka taso muna jin cewa Balarabe ba shi da fifiko a kan wanda ba Balarabe ba sai da taƙawa, bai kamata a ji wannan daga bakinmu ba. Kuma baƙar fata ba ta ba ka tabbacin ƙwarewa, ba ta ma ba ka tabbacin mutunci.

Akwai dai wani abu na gaskiya a cikin damuwarka wanda ya cancanci a tsaya a kansa, wato ko mai tausar ya san jikin baƙar fata. A 2016 wani bincike a Jami'ar Virginia ya gano cewa kusan rabin Turawa ɗaliban likitanci da sababbin likitocin da aka tambaya sun yarda da aƙalla ƙarya ɗaya game da jikin baƙi, irin su wai fatarmu ta fi kauri. Waɗanda suka yarda da irin wannan sun fi raina zafin da baƙi yake ji. Idan likita zai ɗauki wannan, mai tausa ma zai iya, sai ya danna fiye da kima yana ganin kai ba ka jin zafi. Sannan ana koya wa masu tausa su lura da jan da fata take yi don su san sun matsa da yawa, ko mai bai karɓi jikin ba. A fatarmu jan nan ba ya fitowa fili, wurin yakan ƙara duhu ne ko ya ɗauki zafi, wanda bai saba ba kuwa ba zai gani ba. Maganin wannan tambaya ce, ba launi ba. Ka tambaye shi ko ya saba aiki da baƙar fata, yaya yake gane ya matsa da yawa, wane mai yake shafawa. Ƙwararre zai amsa maka ba tare da jin haushi ba. Ka gaya masa tun farko inda ba ka so a taɓa, daga cibiya zuwa gwiwa misali, kuma a rufe ka da tawul. Wannan haƙƙinka ne a wurin kowa.

Ka kuma sani cewa a Birtaniya babu dokar da ta ce sai mutum ya yi rajista da wata hukumar ƙasa kafin ya kira kansa mai tausa. Akwai rajistar sa-kai kamar ta CNHC, hukumar da masu tausa da makamantansu suke shiga don raɗin kansu, kuma amfaninta a gare ka shi ne wanda yake ciki yana da ƙa'idar aiki da inda za a kai ƙorafinsa. Ka duba ko mutumin da ya ƙi ka yana ciki, ko yana cikin wata ƙungiyar sana'ar, domin ƙorafi a can ba ya cin kuɗi. Wasu ƙananan hukumomi ma suna ba wuraren tausa lasisi, ana iya sanar da su. Likitan fisiyo, wato mai gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi na asibiti, kuwa daban ne, ba mai amfani da sunan sai wanda ya yi rajista da HCPC, hukumar da doka ta ɗora wa kula da irin waɗannan ma'aikatan lafiya.

Ga direban da yake wuni a zaune, ni likitan fisiyo zan fara tura ka wurinsa kafin mai tausa. Tausa tana sassauta ciwon baya na ɗan lokaci, amma motsa jiki da gyaran zama a kujerar mota su ne suke hana shi dawowa. A wurare da yawa a Ingila kana iya neman ganin likitan fisiyo na NHS, hukumar lafiya ta gwamnati, da kanka ba sai likitanka ya tura ka ba, kuma kana iya roƙon a haɗa ka da namiji, ko da hakan zai sa ka ɗan ƙara jira. Idan kuwa ciwon yana sauka ƙafafu biyu, ko ƙafa tana mutuwa, ko ka ji tsakanin cinyoyinka ya daina ji, ko fitsari da bayan gida sun canza, kada ka jira kowa, ka tafi sashen gaggawa na asibiti a ranar.