Amsa: Shin Hitler ya mutunta mata?

Malam, ka ce tunda Hitler har lambar yabo yake ba iyaye mata, ai ya mutunta su. Lambar kam gaskiya ce: daga 1939 mai 'ya'ya huɗu ta samu ta tagulla, mai takwas ta zinare. Amma duba bashin aure na 1933. Har Mark 1,000, kuɗin Jamus na lokacin, gwamnatinsa ke ba ma'aurata, da sharaɗin amarya ta ajiye aikinta, kowace haihuwa a yafe rubu'in bashin. 'Ya'yan da za su zama sojoji ake nema, wallahi. A wannan shekarar kuma aka kafa dokar da ta sa aka yi wa mutane kusan 400,000 tiyatar hana haihuwa a dole, rabinsu mata. Da masana'antun makamai suka rasa ma'aikata a 1937, sai aka soke sharaɗin barin aikin.